Nazarin lamari: yadda wani ma'aikaci a Kano ya rage shan mai daga lita 145 a wata zuwa ƙasa da 50

Kafin Mayun 2023: gidan da mota ɗaya ke yi wa komai

Mutumin ma'aikacin gwamnatin jiha ne, ya ba shekara arba'in baya, yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Gidansa yana bayan Rijiyar Zaki, a wani lungu da ke nesa da titin Gwarzo da kusan kilomita ɗaya, ofishinsa kuma yana ɓangaren Nassarawa. Tsakanin gida da ofis kilomita 13 ne. Yaransa biyu suna wata makarantar firamare ta kuɗi da ke wajen Gadon Ƙaya, wadda ta haɗa boko da Islamiyya, sai ƙarfe huɗu ake tashi. Babban ɗansa yana ajin ƙarshe na sakandare, autar kuwa ba ta isa shiga makaranta ba.

Motarsa Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda dillalai ke kira EOD, mai silinda huɗu. Ya saye ta hannu na biyu a 2017. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai shi aiki, ita ke zuwa cefane, da ita ake zuwa asibiti, suna, ɗaurin aure da ta'aziyya. Ko burodi za a sayo a bakin titi, makulli ake ɗauka. A ranar aiki yana yin kamar kilomita 30 tsakanin gida, makaranta da ofis, da wani kilomita 12 na zirga-zirgar yamma. Ƙarshen mako yana cin kusan 60. Jimillar wata ta kama kilomita 1,160. Motar tana yin kilomita 8 da lita ɗaya a cikin gari, ke nan lita 145 a wata.

A farashin hukuma na kusan naira 195, wannan kimanin naira dubu 28 ne. Ko a farkon 2023 da mai ya yi wuya har gidajen man 'yan kasuwa suka riƙa sayarwa sama da haka, bai taɓa zama ya lissafa ba. Abin da ke shigo masa a wata, albashi da ɗan aikin gefe da yake yi na rubuta wa 'yan kasuwa lissafi, bai kai naira dubu 200 ba.

Yuni zuwa Agusta 2023: tsumi da dabarun gareji

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabin karɓar rantsuwa, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo lita ta koma naira 540 a Kano. A tsakiyar Yuli ta haura 600. Kuɗin man mutumin ya tashi daga dubu 28 zuwa kusan dubu 90, ba tare da ya ƙara ko taku ɗaya a tafiyarsa ba.

Abin da ya fara yi shi ne abin da kowa ya fara yi. Ya daina cika tanki, ya koma sayen na dubu uku, na dubu biyar. Ya kashe esi. Idan ya zo gangara sai ya zare giya. In mai ya yanke masa a hanya, ya sayi rabin galan a wajen 'yan cuwa-cuwa da tsada. Sayen kaɗan-kaɗan bai rage lita ko ɗaya ba, sai dai ya ɓoye masa jimillar. Kuma tafiya kullum da tanki a ƙasa ta ja masa asara: a watan Agusta famfon mai ya ƙone, domin man da ke cikin tanki ne ke sanyaya shi.

A wannan tsakanin wani abokin aikinsa ya kawo masa wata 'yar na'ura da ake cusawa a ramin kunna taba na mota, wai tana rage shan mai da kashi 30. Ya biya naira dubu tara. Bayan mako uku yana duba mita bai ga bambanci ba. Wani mai gyaran rediyo ya buɗe ta, ya tarar ba komai a ciki sai ɗan ƙwan fitila da waya biyu. An kuma kawo masa wata ƙwaya da ake jefawa a tanki, ita ma ya gwada sau biyu ya bari.

Abu ɗaya ne ya yi tasiri a watannin nan. Da ya kai motar gyaran famfo, bakanikensa ya ce masa, "Alhaji, rabon da a canza falogin motar nan tun yaushe? Ga ta tana hayaƙi baƙi, mai ne ke fita bai ƙone ba." Aka canza falogi da matatar iska, aka sa sabuwar na'urar da ke auna iskar salansa, aka yi juyen baƙin mai. Mai faci ya auna tayoyi ya tarar duka huɗun iskarsu ta yi ƙasa. Ya kwashe tarkacen da suka shekara a but, har da wani buhun siminti da ya daskare. Bayan haka motar ta koma yin kusan kilomita 9 da lita. Wato lita 129 a wata maimakon 145, kimanin naira dubu 80.

Bakaniken ya so ya cire masa tukunyar tace hayaƙi, wadda suke kira indomi, wai tana shaƙe injin. Ya ƙi, don ya ji labarin cewa sayar da ita ake yi.

Satumba zuwa Disamba 2023: an jingine mota, an koma Adaidaita Sahu

Da aka koma makaranta a Satumba, ga kuɗin makaranta ya ƙaru, sai ya lulluɓe motar da tamfol. Ya ɗauki shatar wani ɗan sahu da zai riƙa kai yara yana ɗauko su a kan naira dubu 35 a wata. Shi kuma ya taka zuwa titi, ya hau adaidaita zuwa Kabuga, ya canza wata, wani lokacin ya sake canza ta uku kafin ya isa ofis. Zuwa da dawowa na cin masa kamar naira 1,200 a rana, wato dubu 26 da ɗoriya a wata. Fitar uwargida asibiti ko unguwa, da cefane da sauran hidima, sun lashe kusan dubu 15.

Jimilla dubu 76. Da mota dubu 80. Ɗan sahu ma fetur yake saya, kuma ba zai sha asara don fasinja ba. Tafiyar da ke ɗaukarsa minti 35 ta koma awa ɗaya da minti 20, ya fara makara, aka yi masa magana a ofis. A cikin Nuwamba autar ta yi zazzaɓi mai zafi da tsakar dare, ya yaye tamfol ya murza makulli, motar ta ƙi tashi, batir ya mutu saboda zama. Maƙwabci ne ya kai su asibiti. Washegari uwargidan ta ce masa, "Malam, an gudu ba a tsira ba ke nan. Ga mota a gida, ga mu muna buga ƙofar mutane da daddare."

Ya sayi sabon batir, ya dawo da motar hanya, amma ya ci gaba da shatar yara.

Janairu 2024: neman ƙaramar mota

Shawarar da ya fi ji a majalisa ita ce ya sayar da EOD ya sayi ƙaramar mota, irin su Yaris ko Picanto, masu yin kilomita 13 ko 14 da lita. Ya zaga wajen dillalai sau uku. Matsalar ita ce kowa ma ƙaramar yake nema, manyan motoci masu shan mai kuma sun cika kasuwa ba mai tayawa. Ga naira, tun da aka sake ta a Yunin 2023 take faɗuwa, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, don haka 'yar Kwatano ta yi tashin gwauron zabi. Kuɗin da aka taya motarsa bai kai rabin na ƙaramar da ya gani ba. Da ya lissafa, cikon da zai yi zai ɗauki shekaru kafin ragin mai ya biya shi.

An nuna masa wata Prius, mai haɗa fetur da batir. Irin wannan motar a cunkoson gari take nuna kanta, domin injinta yana mutuwa idan an tsaya, kuma burki yana mayar mata da caji. Amma wadda ya gani ta haura shekara goma sha biyar, ba wanda zai iya rantse masa a kan lafiyar babban batirinta, bakanikensa kuma ya ce shi dai ba ya taɓa ta. Ya haƙura.

Fabrairu zuwa Oktoba 2024: mashin mai caji

Nan ne ya fi zuba kuɗi, nan ne kuma ya fi shan wahala, don haka sai an ɗan tsaya.

A Fabrairun 2024 ya kwashi adashi, ya ƙara da rance daga ƙungiyar taimakon juna ta ofis, ya sayi mashin mai amfani da lantarki ƙirar Sin a kan naira dubu 520. Batir shida ne a ƙarƙashin kujerarsa, kowanne bolt 12, irin na gubar dalma, jimillarsu suna ɗaukar wutar da ta kai kusan yunit ɗaya da rabi. Mai shagon ya ce caji ɗaya yana yin kilomita 70. A makon farko ya auna, ya sami 45. Duk da haka ya ishe shi zuwa ofis da dawowa har da ragowa.

Lissafin ya yi daɗi a takarda. Ko a farashin wuta mafi tsada, na rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, da aka mayar naira 225 a kan yunit a Afrilun 2024, cika batirin bai wuce naira 400 ba, har da abin da caja ke ɓatarwa. Naira 400 ta kai shi kilomita 45, tafiyar da mota za ta sha lita biyar. Ba baƙin mai, ba falogi, ba ƙara. Watanni biyun farko kuɗin mansa ya sauko zuwa kusan dubu 30, na ƙarshen mako da fitar iyali.

Sai dai unguwarsa ba ta rukunin A ba ce. Wuta tana zuwa awa huɗu ko biyar, ba ta da lokaci, batirin kuma yana buƙatar awa bakwai zuwa takwas kafin ya cika. Sau da yawa da rabin caji yake fita. Ranar da ba a kawo ba sai ya tayar da ɗan ƙaramin janaretansa. Ya ɗauki lokaci kafin ya lura cewa janaretan yana ƙone tankinsa na lita huɗu kafin batirin ya cika. Lita huɗu a kilomita 40, wato kilomita 10 da lita. Bambancinsa da EOD kilomita ɗaya ne, ga hayaƙi da ƙara a tsakar gida da daddare.

Ga kuma zafi. Batirin dalma ba ya shiri da shi: masu ƙera shi suna auna ƙarkonsa ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana rage masa kwana da kusan rabi. A Afrilu da Mayu zafin Kano yana kai 40 ko fiye, mashin ɗin kuma a rana yake wuni a harabar ofis. Abu na biyu da ke kashe irin wannan batir shi ne a zuƙe shi ƙurmus, a kuma bar shi bai cika ba, kuma abin da yake yi masa ke nan kusan kullum, ba da saninsa ba. Zuwa Yuni caji ɗaya ya koma kilomita 28. Zuwa Satumba bai kai 20 ba. Sau biyu yana turo shi daga gadar Kabuga har gida. Ya fara tafiya da caja yana roƙon soket a ofis.

A watan Oktoba 2024 layukan da ke kawo wuta Arewa suka sami matsala, na Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata, da na Ugwuaji zuwa Apir da ya faɗi daga baya. Kano da jihohi da dama suka yi kusan kwana goma a duhu. A cikin watan ne kuma litar fetur ta haye naira dubu, bayan ta kai kusan 900 a farkon Satumba. Mashin ya yi kwanakin nan a jingine ba caji. Da wuta ta dawo aka jona, batiran suka ƙi riƙewa. Mai gyara ya ce uku sun kumbura, kuma ba a haɗa sabo da tsoho, sai an canza shidan, naira dubu 210. Wata takwas ke nan da sayensa, kuma bai gama biyan rancen ba.

Yulin 2024: tambaya kan gas

A tsakiyar wancan lokacin ya bi sawun maganar mayar da mota mai amfani da iskar gas da ake matsewa, wadda aka fi sani da CNG. Gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman a kanta tun 2023, amma juyin kyauta da motocin haya na 'yan ƙungiya aka fara. Shi mai motar gida an ce masa sai ya biya sama da naira miliyan ɗaya. Gas ɗin a lokacin naira 230 ne a kan ma'auni ɗaya, wanda aikinsa ya yi kusa da na litar fetur. A lissafi zai iya mayar da kuɗinsa cikin kamar shekara ɗaya da rabi.

Abin da ya tsayar da shi biyu ne, ban da rashin miliyan ɗin. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, bai iso ba, don haka duk gas ɗin da za a samu sai an ɗauko shi a mota, wuraren ɗurawa kuma ba su taka kara sun karya ba. Tukunyar ma za ta cinye rabin but. Wani ya yi masa tayin haɗin gida da tukunyar gas ɗin girki a farashi mai sauƙi. Ya tambaya, aka bayyana masa cewa CNG ana matse shi da ƙarfin da ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa, ba tukunya ɗaya suke amfani da ita ba. Bayan wata uku aka ji labarin motar da ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin, aka kuma ɗora laifin a kan tukunyar da aka yi wa walda a gida.

Nuwamba 2024: littafin ɗan makaranta

Bayan mutuwar batir ya koma mota, lita tana naira 1,050 zuwa 1,100 a inda yake saya. Ko da sabon mafi ƙarancin albashi na naira dubu 71 da gwamnatin Kano ta sanar a ƙarshen Oktoba ya ɗan ɗaga albashinsa, cikakkiyar zirga-zirgarsa ta dā za ta ci kusan dubu 140 a wata.

Babban ɗansa, wanda ya gama sakandare yana jiran gurbin jami'a, shi ne ya kawo shawarar. Ya ce, "Abba, mu rubuta kowace fita tsawon wata ɗaya: ina aka je, kilomita nawa, mutum nawa ne a ciki, da kayan da aka ɗauko." Aka sayi littafi mai shafi arba'in aka ajiye a gaban mota.

A ƙarshen wata an rubuta fita 94. A guda 58 shi kaɗai ne a motar, ba kaya sai jaka ko ledar cefane. Guda 37 ba su kai kilomita uku ba: masallaci, kanti, mai nama, majalisa, wajen cajin waya. Waɗanda aka ɗauki mutum uku ko fiye, ko kaya masu nauyi, guda 19 ne kacal, galibinsu a Asabar da Lahadi.

Gajerun fitar nan sun fi cin mai fiye da yadda tsawonsu ya nuna. Injin da bai yi zafi ba yana zuƙar mai fiye da ƙima a mintunan farko, kuma tafiyar kilomita biyu tana ƙarewa kafin ya ɗumama. Ga nauyi: motar ta doshi tan ɗaya da rabi, mai ita bai kai kilo 75 ba. Kusan duk man da ake ƙonawa a irin wannan fita ƙarfen yake turawa, ba mutumin ba.

Littafin ya nuna wani abu kuma da kowa ya sani amma ba wanda ya furta. Gidaje uku a layinsu suna da yara a makarantar nan ta Gadon Ƙaya, yara biyu nasa, biyu na wani malamin kwaleji, ɗaya na wani ɗan kasuwar Kantin Kwari. Kowace safiya ababen hawa uku ne ke fita daga layi ɗaya zuwa ƙofa ɗaya.

Disamba 2024 zuwa Maris 2025: raba tafiya gida uku

Ya fara da maƙwabta, kuma bai zo da sauƙi ba. Ɗan kasuwar ya ga kamar ana so a ce ya gaza. Sai da malamin kwalejin ya je da kansa bayan sallar isha ya ce masa, "Alhaji, ba taimako muke nema ba, kuma ba taimako muke ba ka ba. Karo-karo ne, kowa da makonsa." Aka tsayar: kowane gida zai kai yaran biyar ya ɗauko su mako ɗaya cikin uku, ƙarfe bakwai saura kwata mota ta tashi, wanda bai shirya ba mahaifinsa ya kai shi. Wannan ƙa'idar ta ƙarshe ta jawo ɓacin rai sau biyu a watan farko, daga nan kowa ya kama kansa. Aka sallami ɗan sahun shata.

Na biyu, zuwa ofis. A Disamba ya sayi tsohon babur roba-roba mai ƙaramin inji a kan naira dubu 540, da kuɗin da uwargida ta ranta masa bayan ta sayar da tumakinta biyu da wata sarƙa. Ya auna shi ya ga yana yin kilomita 45 da lita. Tun farko aka yi sharaɗi cewa ba za a ɗora yara a kai ba. Akwai dokar hana goyo a babur a cikin birnin Kano tun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, amma ba ita ce babban dalili ba, uwarsu ce ta ce ba ta yarda ba. Ya sayi hular kwano, abin da ya sa 'yan majalisa suka yi mako suna tsokanarsa.

Na uku, mataccen mashin. Maimakon ya sake sayen batirin dalma, ya jira har Fabrairun 2025 ya sa masa batirin litiyam, irin mai sinadarin ƙarfe da fosfet, a kan naira dubu 390. Wannan nau'in yana jure caji da saukewa sau dubbai, inda na dalma ke ƙarewa a ɗaruruwa, ba ya lalacewa don an fita da rabin caji, kuma ya fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Ya ƙara faranti biyu na sola a kan ɗan inbatan da ke gidan. Sai kuma ya canza wa mashin ɗin aiki: ya daina zuwa ofis da shi. Dalilin mai sauƙi ne. Rana tana bayar da wuta ne tsakanin hantsi da la'asar, kuma a lokacin mashin ɗin yana Nassarawa, farantan suna Rijiyar Zaki. Da aka mayar da shi na aiken unguwa, sai ya zamana yana gida a inuwa yana shan caji da rana tsaka, da yamma kuma babban ɗan ko shi kansa ya hau zuwa cefane, masallaci ko kanti.

Motar ta rage wa makon kai yara, fitar iyali, asibiti, ranar ruwan sama da tafiyar dare. Ko ba a buƙace ta ba ana tayar da ita sau biyu a mako saboda batir.

Zuwa Agustan 2025: abin da littafi ya nuna

An ci gaba da rubutu, kuma matsakaicin wata shida ya fito kamar haka. Mota: kwana bakwai na kai yara da wucewa ofis, kilomita 210, da kimanin 110 na ƙarshen mako, jimilla 320, lita 36. Babur: kwana 15, kilomita 390, lita 9. Mashin mai caji: kusan kilomita 250, ba fetur. Man wata yana yawo tsakanin lita 44 da 48. A farashin kusan naira 900 da lita ta sauko a tsakiyar 2025, bayan matatar Ɗangote ta fara sayar da fetur a Satumbar 2024 kuma gasa ta shiga kasuwa, wannan kimanin naira dubu 41 ne. Da yana kan tsarin dā na lita 145, da ya biya dubu 130.

Akwai abin da bai shiga wannan lissafi ba. A Yuli ya zame a kan yashin da ruwa ya tara a wani shatale-tale, ya gurɗe a wuyan hannu, ya yi mako biyu bai hau babur ba, hular kwanon ta tsage a gefe. Hunturu ya bar masa tari. Wani ɗan'uwansa ya kira uwargidan a ɓoye yana tambaya ko karayar arziki ce ta same su. Bashin tumaki da sarƙa ya biya rabi zuwa Agusta, na ƙungiyar ofis ya kammala a Mayu.

Hukunci

A ganina kuskurensa na shekara ɗaya da rabi guda ɗaya ne, ko da ya sauya kama sau huɗu. Yana neman abin hawa ɗaya da zai gaji EOD a dukkan ayyukanta. Adaidaita ta iya kai shi aiki amma ba ta nan da ƙarfe biyun dare. Ƙaramar mota da gas za su iya komai, amma kuɗin shigarsu ya fi ƙarfinsa, gas ɗin ma ba a kusa yake ba. Mashin mai caji kuwa an ɗora masa tafiya mafi tsawo a gidan, da batir mafi rauni, a unguwar da ba wuta. Ba fasahar ce ta gaza ba, domin mashin ɗin nan dai shi ne yanzu yake ɗauke da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyar gidan ba tare da ɗigon fetur ba.

Idan aka jera matakan bisa abin da suka ci da abin da suka rage, waɗanda ba su ci kuɗi sosai ba ne a gaba: gyaran falogi da iskar taya ya rage lita 16, karo-karon kai yara ya cire kashi biyu cikin uku na zirga-zirgar makaranta a kyauta. Babur ne ya rage lita mafi yawa, kuma zai mayar da kuɗinsa cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, amma shi ne ya zo da haɗarin da ba a auna shi da naira, kuma ban ga yadda zai dace da dattijo ko mai ciwon baya ba. Mashin mai caji, in aka haɗa kuɗin sayensa, batirin da ya mutu, sabon batir da farantan sola, ya haura miliyan ɗaya. Man da yake ragewa bai fi na naira dubu 25 zuwa 30 a wata ba, don haka sai ya yi shekara uku ko fiye yana aiki kafin a ce ya biya kansa. Da littafin Nuwamba 2024 aka fara a Yunin 2023, ina jin keke na ƙafa da babban ɗan zai hau ya isa ya ɗauke yawancin gajerun aiken nan 37, da kuma ba a ci bashin ƙungiya ba.

Tsarin yana da rauni a wuri ɗaya da ba ya hannunsa. Ɗan kasuwar Kwari ya gama ginin gidansa a wata unguwa, zai tashi bayan zangon karatu na farko. Makon kai yara zai koma ɗaya cikin biyu, abin da zai ƙara kusan lita 10 a wata. Malamin kwalejin ya ce akwai wani gida a layin baya da yaransu ke makarantar, za su je su same shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.